Mai Ƙirga a Shagon Ikrima

Ƙarfe ɗaya na dare, Ikrima yana shagonsa na kwamfuta a hanyar Mai'adua. Jira yake manhajar da ya rubuta ta gama tace sunayen manoman wata ƙungiya, ta ware waɗanda suka rasu. In gari ya waye bai gama ba, wani za a ba aikin. Ga shi layin da ke nuna inda aka kai ya tsaya cak, don ya manta bai sa shi ya riƙa sabuntawa a kowane zagaye ba.

Sai wani tsoho ya shigo ba sallama, yana warin jiƙaƙƙiyar ƙasa, ya zauna a benci.

"Dubu huɗu da tara," in ji tsohon. "Dubu huɗu da goma."

Ikrima ya ja tsaki. "Baba, nan ba kasuwar awaki ba ce. Kai da ko waya ba ka iya dannawa, me kake ƙirgawa?"

"Abin da kai mai boko ka kasa nunawa."

Don ya kunyata shi, Ikrima ya buɗe fayil ɗin da manhajar ke zuba sakamako. Lambar ta zo daidai. Ta gaba ma haka.

Tsohon ya matso har kafaɗarsa ta taɓa ta Ikrima, sanyi ƙalau, kuma ba ya numfashi. Ya ɗora yatsa a kan sunan da ya fito yanzu cikin jerin mamata.

"Yaro, ko rubutu ba ka iya ba," ya ce. "Sada nake, ba Sa'adu ba. Gyara min."