Ranar Da Na Ce Ban San Shi Ba

"Innalillahi! Mene ne wannan kuma?"

Gwaggo, ƙanwar Abba, ita ce ta fara ganinsa. Ta miƙe zumbur daga bencin asibiti, carbinta ya faɗi ƙasa.

Na waiga.

Dogo ne yake tahowa da gudu a baranda, mutane suna darewa suna ba shi hanya. Fuska ruwan toka mai shuɗi-shuɗi, tudu uku a goshi, kunnuwa masu tsini, idanu rawaya. Daga wuya zuwa ƙasa kuwa rigarsa ce mai layi-layi, wadda ni da kaina na zaɓa masa.

Bari in gaya muku ko wane ne Dogo, don ku san girman abin da na aikata. Shi ne mutumin da na shekara biyu ina so kamar raina. Kuma shi ne Jagora, na shirin nan da ake nunawa a talabijin duk mako, shugaban 'yan tawayen wata duniya can bayan taurari, wanda aka bautar da mutanensa ya ce ba zai yarda ba. Yara sun haddace maganganunsa, hotonsa har a jakar makaranta. Amma ba wanda ya san ainihin fuskarsa, don a cikin fuskar roba yake aikin. Awa uku ake yi ana manna masa ita da gam, awa ɗaya da rabi ana cirewa da wani mai na musamman, sannu a hankali.

Ni kuwa a gida cewa na yi a ofishin gidan talabijin yake aiki. Sau huɗu yana zuwa gaishe da Abba da fuskarsa ta Allah, na hana shi faɗar gaskiya. Yayata likita take aure. Yaya zan buɗe baki in ce nawa mijin dodo yake zama kullum da safe?

Ranar nan an shiga da Abba tiyata, jini ya ƙare masa, nau'insa kuma mai wuyar samu ne. An gwada mu kaf, ba wanda ya dace. Sai na tuna Dogo ya taɓa gaya mini irin nasa ke nan. Na kira shi ina kuka.

"Ka zo yanzu! Yanzu-yanzu!"

Ban tambaye shi inda yake ba, shi ma bai tsaya bayani ba.

Ya tsaya a gabanmu yana haki.

"Tauraruwata... ina za a ɗiba?"

Kafin in yi magana 'yar Gwaggo ta matso. Rediyo muke ce mata, kuma ba a banza ba. Ita ta fara ganin Dogo a bikin Yaya, ta yi ta aika masa saƙo bai kula ta ba, tun daga nan take bin diddiginmu. Ashe ta daɗe da gano sirrin, rana kawai take jira.

"A'a!" ta ce da ƙarfi, tana tafa hannu. "Wannan murya kamar na san ta! Ba ma'aikacin ofis ɗinki ba ne, 'yar'uwa? Ofishin nasu a sama yake?"

Wani ya tuntsire da dariya. Wayoyi suka tashi sama, ana ɗaukar hoto. Gwaggo ta zuba mini ido, mijin Yaya ya zuba mini ido, Umma ma ta ɗago da jajayen idanunta.

Kunya ta lulluɓe ni. Na ji bakina ya buɗe da kansa.

"Ni ban san shi ba. Mai ba da jini ne aka turo mana."

Wallahi da bakina na faɗa. Ba wanda ya shaƙe ni.

Dogo ya dube ni. Roba ba ta nuna ɓacin rai, amma na ga kafaɗunsa sun sauka.

Nas ta leƙo daga ɗakin ɗibar jini, ta karɓi katin shaidarsa, ta dubi hoton, ta dube shi.

"Malam, ba zan ɗibi jininka ba sai na ga fuskarka ta yi daidai da katin nan. Doka ce. Kuma mara lafiyar ba zai iya jira ba."

"Minti nawa gare mu?"

"Goma ma sun yi yawa."

Ya shige banɗaki ya rufe ƙofa.

Ni kaɗai a wurin na san abin da zai yi, don ya sha gaya mini gam ɗin nan ba ya sakin fata sai da mai. Na ji wani ƙara kamar ana yage tsohon kwali daga bango, sau ɗaya, sau biyu. Ban motsa ba.

Ya fito da robar a hannu. Kumatunsa sun saɓule sun yi jajir, rabin girarsa ta tafi, jini yana tsattsafowa a goshi.

Umma ta dafe ƙirji. "Ai yaron nan ne!"

Bai dubi kowa ba. Ya shiga, aka ɗiba, ya fito yana danne da auduga a hannu. Da ya zo daidai inda nake ya ɗan tsaya.

"Allah ya ba mahaifinki lafiya, baiwar Allah."

Baiwar Allah! Ni ce yau baiwar Allah. Da mari ya wanka mini da ya fi mini sauƙi.

Abba ya tashi. Ni ce na kwanta. Na kira Dogo har wayata ta yi zafi, bai ɗauka ba. Na rubuta saƙo ya fi talatin, duk na goge, don me zan ce? Abinci ya daina wuce mini. A aji ina koya wa ɗalibaina darasi, sai in hango hoton Jagora a jakar wata, in nemi abin da nake faɗa in rasa.

Gwaggo kuwa ba ta huta ba. "Allah ya tone asiri! Da mun ba ɗan wasan dodanni 'ya. Jininsa mun gode, amma aure kam a kai kasuwa."

Rediyo tana gefe tana gyara ɗankwali, har da cewa ita tausayinsa take ji, za ta je ta duba shi.

Sati uku bayan nan, Abba yana zaune a falo da bargo a ƙafa, ya ce a kashe talabijin.

"Auta, zo nan. Jinin wa ke jikina?"

Na durƙusa. Kowa yana nan, har Gwaggo da 'yarta. Na faɗa masa komai, tun daga ƙaryar ofis har maganar da na yi a baranda. Ban rage ko kalma ɗaya ba, ina faɗa ina jin kamar ƙasa ta tsage in shige.

Abba ya gyara bargon ƙafarsa, ya dube ni.

"Yaron ya yi sata ne?"

"A'a, Abba."

"Ya cuci wani?"

"A'a."

"To shi sana'arsa yake yi. Ke ce kika yi abin kunya, ba shi ba."

Gwaggo ta ce, "Haba Yaya, mutane fa za su..."

"Mutanen nan suna ina lokacin da ake neman jini?" Ya juyo gare ni. "Je ki zo mini da shi. Kuma yadda ya zo asibiti nake son ganinsa, tunda ni a sume nake ban gani ba."

Washegari da la'asar na je inda suke ɗaukar shirin. Ban taɓa zuwa ba, shekara biyu yana roƙona. Aka nuna mini ɗakin kwalliya, ɗan ƙarami, madubi bango guda, kawunan roba jere a kan kanta, warin gam kamar ya kashe mutum.

Dogo yana kan kujera cikin fuskar Jagora. Wani dattijo mai tabarau, wanda suke kira Baba Mai Roba, yana tsaye a kansa da kwalbar mai da ɗan buroshi.

Dattijon ya ƙare mini kallo. "Ke ce?"

"Ni ce, Baba."

"Kin kyauta. Fuskar da na yi wata biyu ina ƙerawa ya yage. Sati uku fatarsa ba ta ɗaukar gam, saura ƙiris darakta ya sa wani a cikin robar, tunda ba mai ganewa. Aikin da ya yi shekara shida yana yi! Yau ya fara dawowa." Ya yi tsaki. "Faɗi abin da ya kawo ki. Ba inda zai je, awa ɗaya da rabi yana hannuna."

Ma'aikata sun cika bakin ƙofa. Na ce a raina, gara haka. A gaban mutane na yi, a gaban mutane zan gyara.

"Dogo..."

Ya dube ni ta cikin madubi da rawayen idanun nan.

"Kin san ni ne?"

Hawaye suka ɓalle mini.

"Na san ka. Na san ba ka shan shayi da zafi. Na san kana karanta maganganun Jagora a mota kana kaɗa hannu kamar mahaukaci. Na kira ka ka zo da gudu, ni kuma na ji kunyarka. Ba ni da hujja, masoyina. Tsoron dariya ne kawai, dariyar banza."

"Ba fatar ce ta yi mini ciwo ba," ya ce a hankali. "Kullum ina tsayawa gaban kyamara ina ce wa mutanena kada su sunkuyar da kai don yadda aka halicce su. In fito in tarar wadda nake so tana sunkuyar da kai saboda ni."

"Na sani..."

"Gobe wani zai sake yin dariya."

"Ya yi ta yi har haƙoransa su zube."

Wata a bakin ƙofa ta ƙyalƙyale. Baba Mai Roba ya tsoma buroshi a mai, ya kai gefen kunnen Dogo.

"Baba, dakata!" na ce. "Kada ka cire. Abba ya ce a haka yake son ganinsa."

Dogo ya juyo gaba ɗaya. "A haka? Sai mun bi titi fa."

"Da ƙafa ma za mu ƙarasa. A bakin layi za mu sauka."

Haka aka yi. Muka sauka a bakin layinmu da sauran rana, ga jama'a maƙil, masu shago suka fito, yara suka biyo mu suna ihu, "Jagora! Jagora!" Ba zan yi muku ƙarya ba, kunyar ba ta tafi duka ba. Amma ban matsa daga gefensa ba ko taku ɗaya.

A ƙofar gida muka ci karo da Rediyo, da maƙwabta biyu da ta tara tana ba su labari. Ta yi murmushin nan nata.

"'Yar'uwa, wa kika samo mana kuma? Ko wannan ma ba ki san shi ba?"

Na ɗaga murya yadda har mai shagon ƙarshen layi zai ji.

"Mijin da zan aura ne. Matsa mu wuce."

Abba yana ganinsa ya yi dariya har sai da ya riƙe ɗinkin cikinsa. Ya miƙa masa hannu, ya jawo shi kusa.

"Zauna nan, ɗana. Ashe shi ya sa tun da na farfaɗo nake jin ina son yin tawaye."

Gwaggo ta yi fushi wata guda, sannan ta zo biki ta fi kowa rawa.

Yanzu ni nake cire masa fuskar. Baba Mai Roba ya koya mini, ya ce hannuna ya fi bakina hankali. Awa ɗaya da rabi, da mai da buroshi, sannu a hankali. Girarsa ta hagu ba ta sake fitowa duka ba, kuma kullum ita ce ta ƙarshe da robar take saki.

In na zo wurin sai hannuna ya tsaya.

Shi kuma sai ya ce, "Ci gaba, Tauraruwata. Ya warke."