Reshen Bishiyar Iya Leung

Da hantsi aka ga ɓarnar. A tsakar gidan da ke bayan shagon kayan marmari na Iya Leung, a unguwar Sinawa ta Yokohama, wani ya yanke reshe guda daga bishiyar fomelo, wani irin babban lemu, da marigayi mijinta ya shuka.

Sufeton 'yan sanda Hirayama Tomoe hutu ne ya kawo ta daga Sendai. Tana bakin shagon da ledar lemu a hannu, tana cin turararren burodi mai nama a ciki, ta ji tsohuwar tana zazzaga wa Fok, mai sauke mata kaya, masifa.

"Kai ke riƙe da makullin baya! Tattara komatsanka, yau aikinka ya ƙare."

"Haba Iya, me zan yi da reshe? Akuya ce ni?"

Tomoe ta faɗi aikinta, ta roƙi a nuna mata wurin.

Yankan tsaf yake, na almakashi. Lemu biyu da ke jikin reshen, kowanne ya kai kan jariri, an cire su an ajiye bisa benci a kan takarda, tsinkensu na kallon sama. Wane irin ɓarawo ne zai bar nama ya gudu da ƙashi?

"Fok, ina kake da asuba?"

"Kasuwar sari. Tambayi masu ayaba, har cacar baki muka yi."

Tomoe ta buga wa masu ayabar waya, suka tabbatar. Iya Leung dai ta kafe: makulli ai ana iya ba wani.

Sai Kawu Tam, maƙwabci mai turara burodi, wanda bishiyar ta tare wa hasken taga.

"Kawu, an ce ka sha rantsuwa za ka sare ta."

"'Yata, in ni ne, daga gindi zan fara. Ganye kuma, wa ya mutu mini?"

"Me ya haɗa ganye da mutuwa?"

"Ku Japanawa gishiri kuke watsawa. Mu Sinawa ganyen nan muke dafawa, mutum ya yi wanka ya wanke rashin sa'a, in ya dawo daga jana'iza, ko asibiti, ko..." Ya rage murya. "Gidan yari."

"Iya tana hanawa ne?"

"Ina! Kyauta take bayarwa. Sai dai ta tambaye ka na wane ne, kafin la'asar kuwa duk unguwa ta ji."

Tomoe ta koma shago a hankali. Mutuwa ba ta ɓuya, ciwo ba abin kunya ba ne. Saura ɗaya: gidan yari.

Siu, matar da ta daɗe tana sayarwa a kantar shagon, tana jera lemu: takarda a ƙasa, tsinke sama. Tomoe ta matso har kafaɗarsu ta haɗu.

"Yaya Siu, an ce kin nemi izinin tashi da rana."

"Ɗana zai dawo. Daga Osaka, wurin aiki."

"Wanda ya yanke reshen nan bai so lemun ya ji ciwo ba, ya kwantar da shi yadda hannunki ya saba. Ganye yake so, ganyen da ake samu kyauta. Abin da ya kasa biya shi ne tambayar da za a yi masa."

Siu ta ci gaba da jera lemu.

"Ni hutu nake yi, ba abin da zan kai ofis," in ji Tomoe. Ta san in ta yi shiru marar laifi zai rasa abincinsa, in ta yi magana ta yaye wa uwa zane a kasuwa. "Amma Fok na can yana ɗaure kayansa."

Siu ta sunkuya, ta jawo jaka daga ƙarƙashin kanta, ta kai gaban uwar ɗakinta ta buɗe. Ƙanshin ganye ya cika shagon.

"Ba Osaka yake ba, Iya. Yau za a sake shi."

Iya Leung ta dubi ganyen, ta dubi matar. Ta leƙa titi ta ga ba mai sauraro.

"Fok, ajiye ƙullin nan, je ka ɗora mini babbar tukunya." Ta juya ga Siu. "A gidana zai yi wankan. Duk wanda ya tambaye ki wa ya yanke reshen, ki ce ni ce."