Kunyar Lurwanu

Ku yi haƙuri da ni, ban taɓa rubuta labari ba, karatu kawai na iya.

“Na hwasa, Zalika!”

Tulun da ke kaina ya kusa faɗuwa. Lurwanu ne, akawun gidan siminti na Malbaza, wanda nake so kamar raina.

“Ka hwasa mi?”

“Babanki ya ce sai wanda ya yi mai noman gayya za ya ba ki. Abarshi ɗan kokowa ya riga ya wasa hauyatai. Ni ko? Mutumin kujera! Dubi tumbina!”

Na dube shi. Gaskiya akwai tumbi.

“Sanyin idona, in motar siminti ta aje ka bakin titi, wa ka kawo ka garinmu?”

“Ƙahwata...”

“Cikin yashi, cikin rana, kowace Lahadi! Raggo ka yin haka?”

“Wannan ai so ne, ba ƙarhi ba.”

“To son, bisa jaki ya zo?”

Ya yi dariya har da riƙe ciki. Sannan ya tsaya yana kallon ƙafafunsa kamar yau aka ba shi su.

Daga ranar ya daina hawa keke zuwa buro, wato ofishinsu. Da yamma ya ari hauya ya shiga gonar maƙwabcinsa. Tafin hannunsa ya yi kanta. Abarshi ya baza a kasuwa wai akawu zai suma, a tanadi amalanke!

Ranar gayya na kai fura gona. Makaɗi ya saki ganga, kowa ya kama kunyarsa, wato layin shukar da zai nome.

Abarshi ya wuce kamar guguwa, ya bar ciyawa tsaye a bayansa.

Lurwanu ne na ƙarshe. Yana haki... yana zufa... bai ɗago ba!

“Akawu, a kawo kujera?” in ji Abarshi.

“Aje ta ƙarshen gona, ina zuwa!”

Ya iso kuwa! Baba ya bi layinsa a hankali, bai tsinci ko tsinke ba. Ya dafa kafaɗarsa.

“Yaro, ka hidda kunyarka, ka hidda mu kunya. Turo magabatanka.”

Guɗa ta tashi! Ni kuwa na ajiye ƙwaryar fura, na ja mayafi, na sulale ta bayan gero kafin wani ya waiwayo.