Murar Da Na Ɓoye

Atishawar ta kuɓuce min kafin in juya baya.

Ɗakin ya yi tsit, sai ƙarar injin da ke tura masa magani a jijiya.

Dogo ya ɗago kansa daga filo, kan nan da babu ko silin gashi.

"Gajera... mura kike yi?"

"A'a! Warin abin da suka goge ƙasa da shi ne."

Ƙarya na yi. Kwana biyu ke nan maƙogwarona yana ƙaiƙayi.

Na gyara takunkumin fuskata, ina ɗaga ido sai na ga 'Yar Lele a bayan gilashin ƙofa ta zuba min ido. 'Yar ƙanwar Mamansa ce, wadda dangi suka so ya aura kafin ya ce shi dai sai telar nan mai shago a ƙofar makarantarsu, wato ni.

Dogo malamin lissafi ne. Saura wata biyu bikinmu dadashinsa ya fara zubar da jini, ga gajiya, ga tabo a jiki ba tare da ya bugu ba. Aka gwada, aka ce sankarar jini ce. Maganin da ake ɗura masa yana kashe cutar, amma ya haɗa da sojojin jikinsa. Shi ya sa aka killace shi shi kaɗai. Mai shiga sai ya wanke hannu har gwiwar hannu, ya sa riga da takunkumi. Ba fure, ba ɗanyen abu, ko tuffa sai an dafa.

Tun ranar farko Sista ta ja mana kunne.

"Mai tari ko mura kada ya kusanci ƙofar nan. Abin da zai sa ku atishawa, shi kabari zai iya kai shi."

Na ji, na kuma sani. Amma kwana tara Babana ya hana ni zuwa. "Ba a ɗaura ba tukuna," in ji shi, "ki tsaya mu ga abin da Allah zai yi." Ranar da ya sassauta, murar ta riga ta kama ni. Na haɗiyi ƙwaya biyu, na ce minti goma kawai zan yi.

"Rabin raina, kin rame," Dogo ya ce yana murmushi. "Ni ke ciwo, ke ke zubewa. Wannan lissafin bai fita ba."

Na yi dariyar dole, na yi masa sallama da wuri.

Washegari da rana ina kan keke ina ɗinki waya ta yi ƙara. Yayarsa ce.

"Zazzaɓi ya rufe shi... likitoci sun cika ɗakin!"

Ban san yadda na iso ba. Takalmin shago ne a ƙafata, tef ɗin awo na rataye a wuyana.

Mama na tsaye a baranda, 'Yar Lele na riƙe da ita. Tana hango ni ta yo kaina.

"Da mura kika shiga wurin ɗana?"

"Mama..."

"Kada ki kira ni Mama! Kin shiga ko ba ki shiga ba?"

"Da idona na gani," 'Yar Lele ta ce. "Har atishawa ta yi a kansa. Wannan ce soyayyar?"

Hancina da ke yoyo ya ba da amsa.

"Idan wani abu ya same shi," Mama ta nuna ni da yatsa, "ban yafe miki ba."

Likita ta fito da sauri. Na tare ta, na faɗa mata komai, har ƙwayar da na sha.

Ba ta yi min faɗa ba, da ma ta yi.

"Mun ɗebi jini za a gwada. Sai bayan kwana uku mu san daga ina abin ya shigo. Ke kuma ki sauka daga nan."

Na sauka, amma ban iya tafiya ba.

Akwai wani benci a ƙasan bene, kusa da inda ake fito da keken abinci. Nan na tare, daga safe zuwa la'asar. Na haddace komai. Ƙarfe bakwai masu shara, takwas masu ɗibar jini da kwandonsu na kwalabe, sha biyu keken abinci mai ƙafa ɗaya da ke kuka. Duk gadon da aka turo sai na miƙe in ga ko an rufe fuskar.

Rana ta biyu aka turo ɗaya a rufe.

Na zabura na miƙe. Sai da na ga matar da ke bin gadon tana ihu, matar mutumin ɗakin kusa da nasa, sannan numfashina ya dawo. Na ji daɗi, wallahi na ji daɗi da ba shi ba ne, sai kuma na fashe da kukan kunyar kaina.

Yayarsa ce kawai ke turo min saƙo. "Yana rawar ɗari." "Bai gane ni ba." "An ƙara masa jini."

Ashe tsoro yana da ɗanɗano, kamar ka tsotsi ƙarfe.

Rana ta huɗu na ji mutum ya zauna a gefena.

Mama ce. Idanunta sun kumbura.

Na zame zan durƙusa, ta riƙe hannuna.

"Likita ta ce daga robar da aka sa masa a ƙirji cutar ta shiga jininsa. Sun cire ta. Zazzaɓin ya sauka."

"Ba... ba ni ba ce?"

"Ba ke ba ce." Sannan ta ce a hankali, "Ba ni ba ce kuma."

Na dube ta.

"Ranar da kika zo, da safe na same shi yana barci. Na ga kamar lokacin da yake goye. Na cire takunkumin nan na sumbaci goshinsa." Hawaye suka zubo mata. "Kwana uku ina zaginki, alhali kaina nake tuhuma. Ki yafe min, 'yata."

Muka rungume juna a kan bencin nan muna kuka, mai keken abinci ya tsaya yana kallonmu.

Ta miƙo min wayarta. "Ga shi, tun da ya farfaɗo yake nemanki."

"Gajera..." Muryar kamar daga cikin rijiya.

"Na yi maka ƙarya, Dogo. Mura nake yi."

"Na sani tun a lokacin. Na yi shiru ne don kada ki fita." Ya ja numfashi. "Saurara, masoyiyata. Saura zagaye biyu na maganin nan, ba wanda ya yi min alkawarin komai. Sun ce ƙila ma ba zan haihu ba. Idan kika tafi, ba zan riƙe ki a zuciya ba."

"Ka gama?"

"Na gama."

"To ka sha maganinka ka bar min shirme! Na riga na yanka yadin rigar bikina, ba ya komawa."

Na ji yana dariya har da tari, Sista na yi masa faɗa.

Mama da kanta ta je wurin Babana. Ban san abin da ta faɗa masa ba, na dai ga ya fito yana share ido. Da aka sallami Dogo hutun sati biyu kafin zagaye na uku, aka ɗaura mana aure, mutum shida a falo, kowa da takunkumi. 'Yar Lele ba ta zo ba.

Yau kwanansa biyar da komawa gado. Jibi za a huda ƙashin bayansa a duba ko cutar ta bar ɓargo.

Ɗazu wata sabuwar nas ta shigo da takarda, ta dube ni.

"Ke ce wa a wurinsa?"

Kafin in buɗe baki, Dogo ya amsa daga kan gado, idonsa a rufe.

"Rubuta matata. Ki rubuta da manyan baƙi."