Gado Ɗaya Ya Rage

"Ku taimaka mana! Numfashin Inna yana ɗaukewa!"

Da ihu na faɗa ɗakin irjans, wurin taimakon gaggawa na asibiti, ni da mai adaidaitar da ya ɗauko mu daga unguwar Dagmanet muna tallabe da Inna. Bayan azahar ne, zafi kamar ya narka kwanon rufi.

Sakina, anfirmiya mai jinya da ke bakin tebur, ko ɗago kai daga talho, wayar hannunta, ba ta yi ba.

"Ku zauna can. Likita ya fita."

Can ɗin ƙasa ne. Mutane ne kwance birjik, wani na nishi, wani ya gaji da nishin. Kusa da ƙofa wata mata ce zaune, kan mijinta a cinyarta, ta naɗe masa shi da ɗankwalinta. Ɗankwalin ya jiƙe da jini har ya fara bushewa.

Sai ga Issouf ya fito daga ciki da farar rigarsa ta masu jinya.

Issouf ɗina... wanda aka sa ranar aurenmu bayan babbar salla.

"Kadi! Subhanallahi, Inna ce?"

Ya tsallake ƙafafun mutumin nan, ya ɗauki Inna cak. Gado ɗaya ya rage a ɗakin, a kai ya kwantar da ita. Nan da nan aka kawo iska, aka ɗaura ruwa, Sakina ma ta aje talho tana ta "sannu Inna".

Ina tsaye ina hamdala na ji an ja bakin hijabina. Matar nan ce.

"Ƴar'uwa, ke da kika san su, roƙa mini. Ramata sunana, daga Aderbissinat muke. Daga saman kamiyo, babbar motar kaya, ya faɗo. Tun hantsi muke nan, an ce mu jira."

Na je na raɗa wa Issouf.

"Na gan shi, sheri masoyiyata. Bari in gama da Inna, yanzu zan zo."

Ya gama da Inna. Aka kira shi waje. Ya dawo, majo, shugaban masu jinya, ya aike shi. Sakina ta koma kan talho.

Ana kiran la'asar Ramata ta daina yi wa mijinta fifita. Ba ta yi kuka ba. Ta ja ɗankwalin ta rufe masa fuska, ta dube ni.

"Ki ce su bari, ba sai sun zo ba."

Inna ta warke, muka koma gida. Ni ce ban warke ba. Abinci ya ƙi shiga. Da dangi suka taru zancen kayan ɗaki, na ce a ɗaga bikin.

Goggo Asiya, yayar Baba, ta dafe ƙirji.

"Ke Kadidia, aljanu ne suka shafe ki? Yaron da ya ceci uwarki!"

"Ya cece ta don uwata ce, Goggo."

"To da uwar wa kike so ya ceta? Kowa nasa ya sani! Mutumin can kwanansa ne ya ƙare."

Da kowa ya watse, Inna ta matso kusa da ni. Ta riƙo hannuna.

"Ni ma ina ganinsa in na rufe ido. Amma ki saurari Issouf kafin ki yanke."

Washegari da yamma ya zo. Bai zauna kan tabarmar da na shimfiɗa a zaure ba.

"Sakina ta ce kin kai ƙarata wajen majo. Ta ce da idonta ta gan ki."

"Ni?"

Na yi murmushin da ya fi kuka ciwo. Ban manta irin kallon da Sakina ke masa ba tun suna ɗalibai a lakwal.

"Ban taka asibitinku ba tun ranar. In zan faɗi laifinka, a gabanka zan faɗa. Ga ka kuwa."

Sai ya zauna.

"To faɗi."

"Ka tsallake shi, Issouf. Da ƙafarka. Kamar buhun gawayi."

"Inna na mutuwa, Kadi! Me kike so in yi?"

"Ban ce ka bar Inna ba. Tun hantsi yake nan. Kafin mu zo, me ya hana ka duba shi?"

Ya sunkuyar da kai.

"Ba ki san wurin nan ba..." Muryarsa ta yi ƙasa. "Mu biyu ne a kan ɗaki guda cike. Likita ɗaya, shi ma ana jansa ko'ina. Shekarar da na fara, duk wanda ya rasu sai na koma gida na kasa barci. Majo ya ce in ban kashe zuciyata ba, aikin zai kashe ni. Sai na koyi kallon bango in ina wucewa."

Hawaye suka zubo mini. Na tausaya masa, wallahi na tausaya.

"Rabin raina, da ba ka san ni ba fa? Da Inna ce a ƙasan nan, ni ce nake jan hijabin wata."

Ya rufe fuska da hannu.

"Ina son ka, ka sani. Amma tsoro nake ji. Zuciyar da aka kashe da rana, da wace za ka dawo mini gida?"

Ya tashi ya fita, ko sallama babu.

Sati ya shuɗe, ba kira, ba saƙo. Goggo ta ce na yi wa kaina. Har labari ya zo mini cewa Sakina na kai masa abinci wurin aiki.

Ranar wata Juma'a da safe sai ga shi a ƙofar gida.

"Aderbissinat za ni, gaisuwa. Na roƙi Baba, ya ce Goggo ta raka mu, in za ki."

Goggo ta yi mita tun daga tasha har muka isa. A bakin hanya muka sami Ramata cikin takaba, ƙanwarta na sayar mata da cuku, ita tana zaune daga bayan rumfa. Ta gane ni. Ta gane shi.

"Kai ne mai farar riga."

Issouf ya durƙusa a kan rairayi.

"Ni ne, baiwar Allah. Na ga mijinki ban tsaya ba. Ban zo da hujja ba."

Ta dube shi.

"Tambaya ɗaya ke hana ni barci. Da ka tsaya, da ya rayu?"

Goggo ta yi masa alama da ido ya ce a'a.

"Ban sani ba," in ji shi. "Wataƙila. Ciwon kai irin nasa, wani yakan tashi in an yi sauri."

Sai a lokacin Ramata ta fashe da kuka, kukan da ba ta yi a asibiti ba. Goggo, mai cewa kowa nasa ya sani, ita ta rungume ta.

Da Ramata ta natsu ta share ido.

"Mourtala sunansa. Ba wanda ya tambaye ni a can. Yafiya kuwa... ba yau ba. Ka dai je, Allah na gani."

Muka hau motar dawowa. Mun yi nisa Goggo ta gyara zama, ta yi gyaran murya.

"Ni dai na gaji da ajiyar kwanonin nan a ɗakina. A sa rana ko in rabar."

Na saci kallon Issouf. Idonsa ja, yana kallon daji.

"A sa, Goggo," na ce.

Asibitin bai canza don mun yi aure ba. Gadajen ba su ƙaru ba, Sakina na nan da talhonta, ba ta gaishe ni. Majo ma ya ce Issouf ya cika ɓata lokaci, don yanzu sai ya durƙusa gaban duk wanda ke ƙasa ya duba shi.

Wata rana ya dawo da magariba, ya zauna bakin gado bai ko cire takalmi ba.

"Yau mun rasa wata tsohuwa, Kadi. Na yi iya yina. Hannunta na cikin nawa."

Kafaɗunsa suka fara rawa.

Na sauke tukunyar da ke wuta, na zo na zauna kusa da shi.

"Yi kukanka, mijina. Tuwon zai jira."