Ninkin da Auta ta tona

Ranar da ya fara ganin Autarmu, ta zaci faɗa ya kawo. Ya sauko daga bene da kwamfuta a hammata, tabarau na zamewa a hancinsa, ya leƙa ɗakin binciken da take aiki.

"Don Allah wa ke yanka samfuran da ake turo min?"

Auta ko kai ba ta ɗaga ba. "Ni ce. Me suka yi?"

"Ba su yi komai ba. Shekarata biyu a nan ban ga yanka mai tsafta irin naki ba, shi ne na ce bari in zo in ga mai hannun."

Ya ga mai hannun kuwa, ya kasa komawa sama. Tun daga ranar take ce masa Tabarau, shi kuma yana ce mata Gwanata.

Bari in gaya muku aikin nasu yadda ta fahimtar da ni, don ni karatuna bai yi nisa ba. In an cire wa mai ciwon daji ƙari, da yardarsa ake kawo musu 'yar tsoka. Auta ta daskarar da ita cikin kaki irin na kyandir, ta sa a inji ta fere ta, siririya fiye da ɓawon albasa, ta shimfiɗa a kan gilashi. A zuba magunguna, kowane irin ƙwayar jiki ya fito da launinsa, na'ura ta ɗauki hoto. Da can wai niƙe tsokar ake yi gaba ɗaya, a san abin da ke ciki amma ba a san wa ke zaune kusa da wa ba. Yanzu kowa na nan inda aka same shi. Shi Tabarau aikinsa ya haɗa taswira: ga ƙwayoyin cuta, ga sojojin jiki, ga masu maƙwabtaka da juna.

Kwana kaɗan saƙonni suka fara. Ni ta riƙa nuna wa, ina fama da tsohon ciki muna dariya.

"Gwanata, yau na duba ƙwayoyi dubu tamanin. Duk cikinsu ban ga wadda ta zauna daidai ba kamar yadda kika zauna a raina."

Ta mayar masa: "Ka goge tabarau ka koma bakin aiki."

Da maganar aure ta taso, Babanmu bai ba da wahala ba. Ummansa ce ta ƙi. Tela ce, shekara talatin tana kan keke, kuma ba ta ɓoye magana.

"Yarinyar da ke wuni tana yanka naman mutane? Ita za ta dafa min in ci? Ga 'yar maƙwabta nan malamar makaranta, hannunta alli kawai ya sani."

Ana cikin wannan ja-in-ja ne ya samu abin da ya daɗe yana nema. A wata taswira ya ga sojojin jiki sun shige tsakiyar ƙarin, jere reras, wurin da ba a saba ganinsu ba. Ya yi ta murna. Farfesan da ke shugabantarsu ya ce ya shirya, shi zai gabatar a taron da za a yi ƙarshen wata. Ya ce wa Auta, "In na tsaya gaban mutane na ambaci sunanki, Umma da kanta za ta zo neman ki."

Auta ta je ajiye gilashin a ma'ajiya, sai ta ce bari ta ƙara kallonsa a madubin ƙara girma. Nan ta ga ɓarna. Gefen tsokar da ta yanka ya naɗe ya hau kan tsakiya, ɗan ninki kamar gashin ido. Sojojin nan ba su shiga ko'ina ba. A bakin ƙarin suke, ninkin ne ya ɗora su a kai. Kuma hannunta ne ya yi.

Lokacin ina kwana tara da haihuwa. Ta zo da la'asar ta karɓi jaririyata ta rungume, hawaye na ɗiga kan zanen goyo.

"Yaya, ba wanda ya gani sai ni."

Ni dai gaskiya na ce, "To ki ja bakinki mana, har a ɗaura aure."

Ta ce, "Wata mata ce ta ba da tsokar jikinta don a san gaskiya. In yi mata ƙarya?"

Washegari ta hau bene ta gaya masa, ta wuce ta gaya wa Farfesa. Aka cire sunansa daga masu gabatarwa, ita kuma aka ce ta sake yanka duk na wannan watan.

Saƙo ɗaya ya turo: "Da kin bari na duba da kaina kafin ki kai wa Farfesa."

Ta rubuta: "Na ji tsoron in na jira, son ka zai hana ni."

Mako biyu ba kira ba saƙo. In sun haɗu a matakala sai ya yi kamar yana duba waya.

To ku ji inda abin ya juya. Ƙanwarsa ce ta ba ni wannan labarin. Wata Asabar da hantsi yana zaune a shagon Ummansa, ya buɗe taswirar ya zuba mata ido, shayinsa har ya huce. Umma ta zo wucewa da almakashi, ta tsaya a bayansa.

"Wannan atamfar ta waye? Ai a ninke take."

Ya juyo. "Umma, me kika ce?"

"Ga shi nan. Ba ka ga launin ya yi kauri a layin nan ba? Biyu ne a kan juna. Kai da tabarau har ba ka gani ba?"

Sai ya kwashe labarin duka ya gaya mata, yana jiran ta ce ai dama na faɗa maka. Umma ta ja kujera ta zauna.

"Tsaya. Wa ya kama ta?"

"Ba wanda ya kama ta. Ita ta faɗa."

"Da bakinta? Tana sane za ta iya rasa ka?"

"E."

"Yara nawa na koya wa ɗinki a shagon nan? In sun ɓata yadi, cusa ɓarnar suke cikin kalmasa, sai mai kaya ya wanke asiri ya tonu, kunyar ta dawo kaina. Ko ɗaya ba ta taɓa kawo min da kanta ba. Kai ka samu mai kawowa, kana zaune kana kumbura baki kamar an ƙwace maka alewa? Tashi ka ɗauko min mayafina."

Gidana suka zo, don Auta tana wurina tana taya ni wankin kayan jaririya. Umma ta kama hannunta da kumfa da komai, ta jujjuya shi, ta ce, "'Yata, wannan hannun ne? Zan ci abin da ya dafa." Tabarau yana bakin ƙofa ya kasa shigowa, sai wayar Auta ta yi ƙara.

"Gwanata, ni ne na naɗe. Ki shimfiɗa ni yadda kike so."

Ta karanta, ta ce da ƙarfi, "Yaya, ce masa ya shigo, rana na dukansa."

Sabbin yankan sun fito tsaf. Sojojin suna bakin ƙarin sun kasa shiga, kuma yanzu abin da su biyun ke bincike ke nan: me ke tare su a ƙofa.

Asabar ɗin da ta wuce aka ɗaura. Umma da kanta ta ɗinka rigar amarya, har da wata 'yar mitsitsiya irinta ga jaririyata. Da ta kawo, ta juya cikin rigar waje ta miƙa wa Auta.

"Duba da kyau, malamar bincike. In kin ga ɓarna ki faɗa."

Auta ta bi kalmasar da yatsa tun daga wuya har ƙasa, ta ce, "Umma, babu."

Allah Ya ba su zaman lafiya da zuriya mai albarka, Ya ba masu ciwon nan sauƙi ta hannunsu. Amin.