Folda Biyu a Jakar Auta

Ranar da suka fara haɗuwa babu wanda ya yi kwalliya a cikinsu. Ɗakin jira ne na sashen masu ciwon zuciya, mai dogayen bencuna da fanka ɗaya da ke juyawa kamar an tilasta mata. Auta na zaune gefen mahaifinta da foldarsa a cinyarta, idanunta sun yi ja. Ɗinkin mutane na jiranta a shago, ga layin ko motsi bai yi ba.

Wani dogon saurayi cikin rigar wasanni ya zo ya tsaya yana jujjuya katinsa.

"Don Allah, ina ake ajiye wannan?"

"Kwandon can," in ji Auta. "Ka kife shi. In ka bar shi a buɗe nas za ta ɗauka an riga an gan ka."

Ya je ya kife, ya dawo ya gaida Baba har da rusunawa, ya zauna.

"Ke ma'aikaciya ce a nan?"

"A'a. Daɗewa ce kawai."

"To daga yau kin zama Sakatariyata."

Ta so ta ɗaure fuska, murmushi ya riga ta. Baba ya dube shi sama da ƙasa.

"Kai kuma, yaro, me ya kawo ka layin tsofaffi?"

Saurayin ya ce shi malamin wasanni ne a makarantar sakandare, ɗalibai na kiransa Dogo, kuma yana gudun dogon zango. Za a tura shi gasa aka yi masa gwaji, injin ya nuna abin da ba a gane ba, aka turo shi nan.

"Babu abin da ke damuna, Baba. Ko haki ba na yi."

"Haka kowa ke cewa ranar farko," in ji Baba.

Likitoci biyu ne ke duba masu zuciya a sashen, tsohon likita mai furfura da wata likita matashiya mai tabarau. Suna ganin girman juna, amma da wuya su haɗu a kan magana ɗaya. Jijiyar da ke shayar da zuciyar Baba ta tsuke. Mai tabarau ta ce a cusa ɗan bututun waya a buɗe ta. Mai furfura ya ce tun da sai ya hau bene ƙirjin ke riƙe shi, magani ya isa, a bar jijiyar ta huta. Shekaru ke nan Baba na tsakaninsu, Auta na biye da shi da folda.

Da aka ɗauki hoton zuciyar Dogo da inji, shi ma tsakanin nan ya faɗa. Bangon zuciyarsa ya fi na sauran mutane kauri. Mai furfura ya ce zuciya nama ce, mai gudu kullum dole tasa ta yi kauri kamar ƙwaurinsa. Mai tabarau ta ce akwai ciwon gado da ke kama da haka, wanda kan kayar da saurayi a tsakiyar fili ba sallama, kuma kaurin na Dogo ya tsaya daidai inda ba a iya rarrabewa. A ƙarshe suka yarda da abu ɗaya: ya ajiye gudu na wasu watanni a sake aunawa. In gudu ne ya kawo kaurin, zai ragu.

Kafin a kai ga haka, benci ya riga ya yi aikinsa. Dogo ya iya riƙe musu wuri, ya iya sayo ruwa, ya kuma samu lambar waya. Da yamma saƙo kan shigo tana tsaka da taka keken ɗinki.

"Sakatariyata, likitoci biyu sun leƙa zuciyata da inji ba su gane komai ba. Ke da ba ki da inji kin san abin da ke ciki. Kin ci abinci?"

Takan amsa: "Ɗan Guduna, ka daina surutu ka huta. Na ci. Ka san an hana ka hawan bene da gudu, na san halinka."

Da Dogo ya turo manyansa neman aurenta, Baba ya karɓe su da mutunci, ya ce a ba shi lokaci. Bayan sun tafi ya kira Auta falo.

"Yaron nan ba shi da aibu a hali. Amma na san inda na gan shi."

"Ni ma a can ya gan ni, Baba."

"Ke rakiya kika je." Ya murza gwiwarsa. "Tun da mahaifiyarki ta rasu, ƙuruciyarki a kan bencin nan ta ƙare saboda ni. Ba zan ɗauke ki daga riƙon foldata in miƙa ki ga riƙon ta wani ba. Ya kawo min takardar likita cewa lafiyarsa ƙalau, in ba shi ke. In babu, a bar maganar."

Gwaggo, ƙanwar Baba, dama jira take. Tana da ɗa ma'aikacin banki, ta daɗe tana yi masa sha'awar Auta.

"Ga ɗan'uwanki nan garau, tun da na haife shi ko ƙofar asibiti bai sani ba. Sai ki tsaya kan wanda ake auna wa zuciya da tef kamar yadi?"

Ma'aikacin bankin ya fara zuwa da yamma. Mutumin kirki ne, sai dai hirarsa duk ta mota ce. Auta kan zauna ta saurare shi, ta raka shi ƙofa, ta dawo ta kwanta ko mayafi ba ta cire ba.

Watannin nan sun yi musu nauyi. An cire sunan Dogo daga gasa. Yana tsaye a gefen fili da usur a wuya, yara na gudu, shi ƙafafunsa na ƙaiƙayi. Ya yi ƙiba, barci ya ƙi shi, saƙonninsa suka gajarce. Wata rana ya rubuto:

"Sakatariya, in awon ya fito ba daɗi, kada ki yi gardama da Baba. Yana da gaskiya."

"Ban tambaye ka ba," ta amsa. "Ka riƙe alkawarinka, in riƙe nawa."

Alkawarin shi ne ba zai yi gudu ba, ko taki ɗaya. Shi ya sa ranar da Gwaggo ta shigo shago da labari, Auta ta ajiye almakashi ta zuba mata ido.

"Kullum da sassafe maƙwabciyarsu na ganin Dogon naki da takalman gudu ya nufi filin bayan makaranta. Ni dai na faɗa miki. Wanda bai tausaya wa ransa ba, ke zai tausaya wa?"

Ta rubuta masa a take: "Ina kake zuwa da safe?"

Ya amsa: "Fili. Kada ki tambaye ni fiye da haka, na yi wa wani alkawari."

Ta kife wayar. Kwana biyu ba ta ɗaga kiransa ba. Ba fushin ne ya fi damunta ba, gajiya ce, irin ta wanda ya daɗe a layi ya ga an rufe taga.

A safiya ta uku ta fasa zuwa shago, ta nufi filin. Daga nesa ta hango shi, dogo, cikin takalmansa. Ba gudu yake ba. Tafiya yake a hankali kamar mai rakiyar amarya, a gefensa ga wani tsoho da sanda. Sai da ta matso ta gane hular.

Abu ɗaya tak likitocin nan suka taɓa haɗuwa a kai game da Baba, shi ne ya riƙa tattaki kullum da safe. Ta sha yi masa magiya yana cewa gobe. Kwanan nan ne ya fara fita da sassafe, ta ɗauka majalisar abokansa yake tsayawa.

Ta laɓe jikin katanga tana kallo. Baba ya fara haki, ya dafa ƙirji kaɗan. Nan take Dogo ya durƙusa yana kwance igiyar takalminsa.

"Baba, yi haƙuri, ta sake kwancewa."

"Kai dai ba ka iya ɗaurin takalmi ba," in ji Baba yana maida numfashi. "Malamin wasanni guda!"

Sai da numfashin tsohon ya daidaita igiyar ta ɗauru. Auta ta share ido ta fito. Baba ya gan ta, ya gyara hula.

"Ni ba tare muka zo ba. A nan na tsince shi yana zagaye kamar kazar da aka ɗaure. Na ce ya rufa min asiri don kada ki ɗauka na sauko. Ban sauko ba."

"Na ji, Baba."

Da yamma ta tura saƙo: "Ɗan Guduna, ka yafe min."

"Na yafe, sanyin idona. Amma ki saya min takalmi marar igiya, gwiwata ta gaji."

Ranar awo na biyu ta zo. Su ukun suka zauna a benci. Da aka kira Dogo, Baba ya miƙe da sandarsa ya bi shi, Auta ta bi bayansu. Likitocin biyu na tsaye gaban allon inji.

Kaurin ya ragu. Mai furfura ya ce shi ya gamsu, zuciyar ɗan wasa ce. Mai tabarau ta cire tabaranta ta goge.

"Ya ragu, kuma na ji daɗi. Amma bai kai yadda zan rufe foldarsa ba. Ya motsa jiki daidai gwargwado, ya bar gasa tukuna, ya riƙa zuwa duk shekara muna gani."

Auta ta dubi Baba. Babu takarda ke nan.

Baba ya gyara tsayuwa. "Likita, ni ba boko na yi da yawa ba. A cikinku wa zai rubuta min cewa yaron nan zai kai tsufa?"

"Babu, Baba," in ji mai tabarau.

"Ni fa? Za ku rubuta min zan ga baɗi?"

Mai furfura ya yi murmushi. "Muna dai fata, muna kuma aiki a kai."

"Ina da ɗan ƙanwa da bai taɓa taka asibiti ba. Shi fa?"

"Shi ai ba mu ma auna shi ba," in ji mai tabarau. "Wannan aƙalla mun san inda za mu sa ido."

Baba ya jinjina kai. Suka fito suka koma benci, domin shi ba a kira shi ba tukuna. Ya daɗe yana kallon fankar nan.

"Auta, na ce ba na so ki ƙare a bencin nan. Har yanzu ba na so."

"Baba, ba bencin ne ke gajiyar da ni ba. Zama ni kaɗai ne."

Ya juya ga Dogo, wanda ya sunkuyar da kai. "Kai, ka ɗauka ban san igiyar takalminka lafiyarta ƙalau ba? Tun satin farko na gane." Ya ja numfashi. "Abin da na nema ba a rubuta wa kowa shi. Ka ce wa manyanka su dawo."

Dogo ya zame daga benci ya durƙusa. Auta ta rufe fuska da foldar Baba. Nas ta leƙo tana kiran sunan Baba, sai da ta maimaita kafin wani ya ji ta.

An ɗaura auren ba da wani dogon biki ba. Gwaggo ta yi fushin kwana biyu, sannan ta zo ta fi kowa kai da kawo, ɗanta ma shi ya ɗauki amarya a motarsa. Da za a tafi da ita, Baba ya dafa kanta, ya dafa kafaɗar angon.

"Allah ya yi muku albarka. Ya ba ku zuriya ta gari, ya sa ku tsufa tare, ya sanya haƙuri a tsakaninku. Abin da muka sani da wanda ba mu sani ba, Allah ya tsare ku daga sharrinsa."

Kowa ya ce amin. Baba ya share ido da bakin hannun riga, ya ƙara da cewa, "Kai kuma, kwana uku na ba ka. Ranar na huɗu ina jiranka a fili."

Har yanzu likitocin nan ba su gama gardamarsu ba, a kan Baba ko a kan Dogo. Auta ta ɗinka wa kanta jaka mai aljihu biyu, kowace folda da nata. Ranar asibiti su uku suke tafiya, mijinta ya kife katunan a kwando, ita kuma ta jingina da kafaɗarsa ta yi barcinta har a kira su.